Maki Huɗun Doktar da Zanar Inna

Masu turo mini saƙo kuna tambayar ko Doktar ya turo magabatansa, ku samu wuri ku zauna. A lokacin da kuke tambayar bai turo ba. Kuma ba wata budurwa ce ta shiga tsakani ba, ba kuma dangin uwarsa ba ne kamar yadda wata ta yi ta rantsuwa a ƙasan rubutuna na baya. Kati ne. Wani ɗan kati mai hoto wanda bai cika tafin hannuna ba.

Ga sababbin zuwa: sunana Zinariya, a Dakoro aka haife ni, a nan nake taya Inna sana'ar man gujiya da ƙuli-ƙuli. Lakwal, wato makarantar boko, a CM2 na tsaya, ajin ƙarshe na firamare. Faransancin da nake ji kuwa, a 'yan takardun nan da ake naɗewa cikin kwalin magani na koye shi, ni da wani tsohon ƙamus da bangonsa ya cire. Shi ya sa har yau ban iya gaida mutum da Faransanci yadda ya kamata ba, amma in kana son jin abin da zai same ka in ka sha ƙwaya biyu maimakon ɗaya, zauna in jero maka tun daga jiri har ƙaiƙayi.

Shi kuma Doktar, wato Abdulhakim, shi ne mai farmasin bakin tasha. Farar bulus ɗinsa, rigar nan ta ma'aikatan asibiti, ba ta barin jikinsa ko kilishi zai je saye. Bik uku ne a aljihunsa, shuɗi da ja da wani mai ruwan zinariya da na gano tun bara ba ya rubutu. In ya turo mini saƙon soyayya, a ƙasa sai ya sa "Dr Abdulhakim, Farmasiyan", kamar ina da wasu Abdulhakim guda bakwai da zan ruɗe da su. Ina son shi. Na faɗa tun yanzu don kada ku ga ina yi masa dariya ku ɗauka wani abu.

Babana Alhaji Hashimu fataucin hatsi yake tsakanin Maradi da Najeriya. Shekara talatin yana tsayawa a shingen kan hanya yana miƙa takardu ta taga, don haka duk duniya abin da ya yarda da shi bayan Allah da Manzonsa shi ne takarda mai kwanan wata. Ba ya shiga mota sai ya ga asirans ɗinta, wato takardar inshora. Gwangwanin madara ma sai ya juya gindinsa.

Ranar da Abdulhakim ya zo gaishe shi a zaure, shadda ya sa ruwan toka mai aiki har ciki, da hula da ta zauna daram, turare kuwa har awakinmu sai da suka yi atishawa. Ina laɓe bayan ƙofar tsakar gida, ina riƙe da tire don in an kama ni in ce ruwa na kawo. Bayan gaisuwa Baba ya ce ya ji labarin aikinsa, amma yana son ya ga takarda. Doktar ya yi murmushin da yake yi in zai yi bayani, ya buɗe salula ya nuna hoton diplom ɗinsa mai tambari da zare.

Baba ya duba ya ce, "Wagga takardar haihuwa ce. Ta nuna an haife ka likitan magani. Ina wadda ke nuna har yanzu kana da rai?"

Sai ya zaro katin ƙungiyarsu ta masu farmasi daga walat. Baba ya nisantar da shi daga ido, ya matso da shi, ya juya bayansa. Baba ba ya karanta Faransanci amma lamba ba ta ɓace masa.

"Wanga kati naka saura kwana goma sha ɗaya shi mutu."

Doktar ya ce ai ƙaramin abu ne, formalite ce kawai. Baba ya ce shi ma duk takardun da suka taɓa kwanar da shi a kan iyaka haka aka ce masa a kansu. Ya miƙa masa katin da hannu biyu cikin mutunci, ya ce ya je ya sabunta, ranar da sabo ya zo ya turo manyansa, ƙofa a buɗe take. Amma ba zai ba da ɗiyarsa ga mutumin da za a iya rufe wa shago da kwaɗo ba.

Yadda Abdulhakim ya bayyana mini daga baya, su masu farmasi ba a gama karatu a naɗe hannu. Magunguna suna sakewa, cututtuka suna sakewa, don haka kafin a sabunta wa mutum rajista sai ya nuna ya ci gaba da neman ilimi: ya halarci formasiyo, wato taron ƙarin ilimi, an ba shi shaida, kowace shaida da makinta. Maki ashirin ake nema a wurinsa. Sha shida gare shi. In katin ya mutu kuwa ba shi da izinin tsayawa bayan kanta, sai a rufe har ya gyara, ko a kawo wani ya riƙe.

Na ce to ina huɗun suka shiga, tunda kusan kowane wata sai ya tafi Maradi da jakar kwamfuta yana cewa yana da kolok, wai taron masana? Ya ce matsala ce ta administrasiyo. Na ce ya kawo dosiyen in gani. Ya ce ba zan gane ba. Na ce to ya kawo in kasa ganewa a gabansa.

Ya kawo. Muka zauna a dakalin ƙofar gida bayan la'asar ina buɗe takardun ɗaya bayan ɗaya. Kowace shaida an rubuta mata zaman safe. Babu ta yamma ko ɗaya. Na tambaye shi ko su masu farmasi ba sa karatu bayan azahar ne, ya yi ta gyara bik ɗin aljihunsa. Da ƙyar ya ce takardar sa hannu biyu ake zagayawa da ita, ɗaya da safe ɗaya da yamma, shi kuma motar ƙarshe mai zuwa Dakoro da wuri take tashi.

Na tsaya na yi tunani. Duk formasiyon ranar Asabar ake yi. Kowace irin wannan Asabar kuwa kafin magariba yana ƙofar gidanmu da ledar burodin Maradi, yana ba ni labarin manyan furofesa da ya yi musu da su har suka sallama.

Wato ni ce maki huɗun.

Jama'a, a fuska ban nuna komai ba. Na ce masa wannan sakarci ne, mutum da iliminsa. Amma da na shiga ɗaki sai da na kwanta rigingine a kan katifa ina kallon rufi ina murmushi kamar wadda aka yi wa albishir da Makka.

Formasiyo na gaba sai bayan katin ya mutu da kwana tara, don haka wannan hanya ta toshe. Ya kira ofishinsu, wata Madam mai haƙuri ta gaya masa akwai wata ƙofa: in mai farmasi ya tara jama'a ya wayar musu da kai a kan shan magani, ana ƙirga masa maki huɗu. Sharaɗi mutum ashirin ko fiye, da takardar sunayensu da sa hannu, da hoto, da rapor, wato rahoton yadda aka yi. Kuma komai ya isa gare ta kafin sha biyun ranar Juma'a.

Doktar ya ce wannan ai wasa ne. Ya buga sanarwa da Faransanci, takenta kaɗai layi uku, ya manna a ƙofar farmasi. Ya sa aka jera kujeru hamsin a wata rumfa kusa da tasha ranar Talata. Na ce masa ya bari mai shela ya zaga da Hausa, ya ce abin na ilimi ne, ba tallar maganin basir ba.

Mu uku muka halarta. Wani tsoho da dama can a rumfar yake barcinsa aka jera kujeru aka kewaye shi, da wani makiyayi daga Azagor da ya ɗauka rigakafin dabbobi ake, sai ni. Don Allah ku yaba wa Doktar, bai rage ko kalma ba. Minti arba'in yana magana yana nuna bango da bik mai ruwan zinariya. Da ya ce ko akwai mai tambaya, makiyayin ya ɗaga hannu ya ce raƙumarsa tana tari tun kaka.

Laraba da safe saƙo ya shigo: "Zinariya, abin ya yi tsanani." Ba Dr, ba Farmasiyan. A nan na san da gaske ne.

Ni kuwa na san inda ake samun mutum ashirin a Dakoro ba tare da kujera ko ɗaya ba. Kowace Alhamis matan unguwarmu a tsakar gidanmu suke haɗuwa matsar mai, masu suya, masu surfe, masu murza tunkuza, da waɗanda ba abin da suke sai kawo labari. Ba sa kasa ashirin da biyar.

Matsalar ɗaya ce, Inna. Tun ranar da Abdulhakim ya fara sallama a ƙofar gidanmu, Inna ba ta yarda ya ga fuskarta ba, kuma ba ta taɓa kiran sunansa ba, "wancan" take cewa. Kunyar suruki a wurinta ibada ce. Akwai ranar da ta hango shi a lungu, ta faɗa gidan mutanen da ba ta sani ba, ta zauna har suka dama mata fura. Shi ma in ya ji muryarta daga nesa sai ya cire takalmi ya tsuguna, ko da a bakin kwata ne.

Na kai maganar wurin Gwaggo Maraya, yayar Baba, wadda ke zaune da mu tun rasuwar mijinta, kuma ba a haifi wanda take tsoro ba. Ita ta shiga ta fita. Inna ta ce ba za ta bar matsar manta ba don wani, kuma ba za ta zauna gaban suruki tana murza tunkuza hannu duk mai ba. Gwaggo ta ce to a kafa zana. Shi ya tsaya ta wajen zaure, mata suna ciki, kowa ya riƙe mutuncinsa. Baba da aka gaya masa ya ce tunda da zana shi ba ruwansa, ya saɓa babbar riga ya nufi kasuwa, ya ce dai a ajiye masa takardar ya gani.

Alhamis da hantsi aka kafa zana biyu daga jikin rumbu zuwa katanga. Na sa atamfata koriya mai zanen ganye, na ɗaura ɗankwali irin wanda ba ya nuna an yi kwalliya amma an yi. Tsakar gida ya cika da ƙamshin soyayyar gujiya, turame uku suna tafiya, ƙatuwar tukunya na kan murhu, yara na bin ƙasa suna tsince-tsince. Doktar ya shigo da bulus da aka goge har tana iya tsayuwa da kanta, takalmi a hannu, jaka a kafaɗa. Ya tsaya ya fuskanci zana kamar mai jan salla, ya yi gyaran murya.

Ya ce yau zai yi magana ne a kan obsarbans terapetik da haɗarin otomedikasiyo a cikin popilasiyo.

Taɓarya ta tsaya. Wata akuya ta yi kuka.

Gwaggo ta ce, "Zinariya, mi ya ce?"

"Ya ce in an ba ki magani ki sha yadda aka ce, kuma kada ki ba kanki da kanki."

"To mi ya hana shi ce hakanan?"

Da haka na samu aiki. Na tsaya a bakin zana, rabina suna gani rabina yana gani, ina fassara Hausa zuwa Hausa. Ya yi minti biyar yana zuba, ni in ce, "Maganin da ya sha rana a tiren mai talla ya gama mutuwa, kada ku saya." Ya ƙara minti biyar, in ce, "In an ce kwana bakwai, kwana bakwai ne, ba ranar da kika ji sauƙi ba." Mata suna ta cewa wallahi haka ne, yaron nan ya san abu. Shi kuma yana jin yabon ta bayan zana yana ƙara tsawon kalmomi.

Da aka zo tambayoyi, Gwaggo ce mai isarwa. Wata ta tambayi ko ana haɗiye ƙwaya da kunu mai zafi, wata ta ce yaronta yana tofar da siro, wata kuma ta tambaya ko Doktar yana da ƙane. Ana ta dariya. Can sai Gwaggo ta ce akwai wata baiwar Allah da ba ta son a san ko wace ce. Duk gidan ya san ko wace ce, don raɗar Inna ana jinta daga bakin rijiya.

Baiwar Allahn tana da tansiyo, wato hawan jini, an rubuta mata ƙwaya a likita tun bara. In kanta ya yi ciwo sai ta sha, in ya lafa sai ta ajiye don kada ta ɓata magani. Kuma in maƙwabciyarta Iya Rahma ta yi kukan ciwon kai takan ɓallo mata biyu, don zaman tare. Tambayar ita ce, biyun sun isa ko a ƙara mata?

Na juya ina jiran dogon Faransanci. Sai na ga ya naɗe takardar hannunsa ya sa a aljihu.

"Inna."

Ko mai da ke tafasa a tukunya sai da na ji kamar ya yi shiru. Bai taɓa yi mata magana kai tsaye ba, ita ma ba ta taɓa tsammani ba.

"Inna, ki gafarce ni, na san bai kamata ba. Amma don Allah ki daina. Ciwon nan ba ya sallama kafin ya shigo. Ranar da kike jin garau yana nan yana aikinsa. Ƙwayar nan kullum ake shanta, lokaci guda, ko kai na ciwo ko ba ya yi. Kuma taki ce ke kaɗai. Iya Rahma ta je a auna ta, wataƙila nata ciwon daban ne." Ya sassauta murya. "Mahaifiyata haka ta riƙa yi. Yau shekara huɗu hannunta na dama ba ya ɗaga ludayi."

Ban san wannan ba. Wata takwas yana zuwa ƙofar gidanmu, na san sunan duk furofesan da ya kayar a musu, amma ban san wannan ba. Babu abin fassarawa a ciki, don haka na kalli ƙasa.

Gwaggo ta buɗe baki za ta isar, sai muryar Inna ta riga ta, ƙasa-ƙasa, tana kallon turmi.

"Da sahe ko da marece?"

"A miƙo kwalin in gani, Inna."

Aka ɗauko kwalin daga cikin kwallar da take ajiye 'yan kunne, ya bi hannu-hannu ya tsallaka saman zana. Ya duba abin da likita ya rubuta a jiki, ya ce ɗaya kowace safiya, ta haɗa shi da sallar asuba don kada ta manta, kuma kafin ya ƙare ta koma a sake duba ta. Inna ta ce to. Gwaggo ta ce yau ta ga abin da ba ta gani ba tun zamanin da ake sayen gishiri a kan raƙumi, sai ta rangaɗa guɗa, mata suka kwashe da dariya, Inna ta ja mayafi ta rufe fuska duk da ba mai ganinta sai mu.

Daga nan taro ya canza. Ya fito da abin awon jini daga jaka ya miƙo mini, ya koya mini ɗaurawa ta bakin zana. Ni ke ɗaura wa mata a dantse, in karanto lamba, shi ya faɗi abin da take nufi da Hausar da ban san yana da ita ba. Mata biyu ya ce kada su kwana ba su je likita ba, Iya Rahma na ciki. Faransanci bai sake fitowa ba sai sau ɗaya, da akuya ta ja igiyar takalminsa.

Sai maganar takardar sunaye. Na zauna da bik na fara tambaya. Ta farko ta ce Uwar Saminu. Ta biyu Ta-Mai-Yara. Ta uku Amarya, shekarunta sun haura sittin. Na ce sunan yanka ake so, irin na kan katin ɗan ƙasa. Nan aka shiga tone-tone, matan da suka shekara ashirin suna aron rariya a junansu yau suka fara jin sunayen juna, ana tafa hannu ana cewa ashe ke Hamdiya ce, ina kika kai shi?

Da aka zo kan Inna abin ya tsaya. Ita ba za ta faɗi sunanta suruki na ji ba. Ni ba zan kama sunan mahaifiyata a bainar jama'a ba. Shi kuwa ta bayan zana ya ce ko za a tsallake, ai an riga an wuce ashirin. Inna ta yi raɗar da kowa ya ji, ta ce a gidanta aka yi karatu, ba za a kai takarda babu ita ba.

Gwaggo ta ce, "Halimatu ta ke. Ni na ɗauko ta daga gidansu a kan jaki. Rubuta."

Na rubuta. Na ji Doktar yana tari don ya nuna bai ji ba.

Sa hannu kuwa dangwale aka yi da tawadar hatimin farmasi. Sai dai kowane yatsa ya sha mai tun safe. Kafin a kai ta ashirin da bakwai takardar ta koma kamar wadda aka naɗe ƙosai a ciki, kana ɗaga ta kana hango mutum ta baya. Doktar ya karɓa da yatsa biyu ya ce ba za a taɓa karɓar wannan a ofis ba. Na ce ya shinshina, ai ko makaho ya san ba a kan tebur aka ƙirƙiro ta ba.

Hoto ne ya rage. Dole a ga mai magana da masu sauraro a hoto ɗaya, ga kuma zana a tsakani, kuma Inna ta ce ba a cire ta. Na tattare zane na hau tsanin rumbu da salularsa. Daga sama komai ya fito: farar bulus ita kaɗai a gefe ɗaya ba takalmi, mata ashirin da bakwai da turame da hayaƙi a ɗaya gefen, zana ta raba tsakiya kamar tsagar kitso.

Da yamma ya rubuta rapor shafi uku da Faransanci mai ƙafafu. Ni kuma na yagi takarda a littafin rubutuna na rubuta tambayoyin da matan suka yi da amsoshin, da Hausa, yadda aka faɗe su, don na san gobe in wata ta zo kanta zai koma obsarbans. Na ce ya manna a bayan kanta yana dubawa. Ya karanta sau biyu, ya sa a jaka.

Juma'a rezo, wato sabis ɗin salula, ya ɗauke tun safe, ga shi ta salula za a tura takardun. Ƙarfe sha ɗaya da rabi na wuce ta bakin tasha na tarar da Doktar Abdulhakim, Farmasiyan, tsaye a kan kantarsa ya ɗaga salula sama kamar mai kiran ruwa, masu sayen magani suna ba shi shawarar ya matsa hagu. Saura minti tara sha biyu ta yi saƙon ya tafi.

Kwanakin jira Inna ta kafa sabuwar al'ada. Kowace asuba bayan ta shafa addu'a sai ta ɗaga murya, ba da kowa take ba, ta ce, "Na sha." Ranar Lahadi kuma ta cika kwalba da man farko, ta ƙulla ƙuli-ƙuli mai yaji a leda, ta ce a kai wa wancan, ta ji kamar ya rame. Na ce ta yaya ta sani tunda ba ta taɓa tsayawa ta kalle shi ba. Ta ce a murya ta ji, kuma in bar mata surutu.

Jiya Laraba katin ya iso a motar Maradi cikin ambulan, saura kwana ɗaya tsohon ya mutu. Abdulhakim ya zo zaure bayan la'asar, ni kuma na koma bayan ƙofa da tirena. Baba ya nisantar, ya matso, ya juya baya, ya ɗaga shi ga haske, har da ɗan lanƙwasawa.

"Shina da rai," in ji shi.

Ya ce manyansa su zo Asabar ta sama, ba wannan ba, mai bi mata, gwaggwanninsa ma su shigo su ga yarinya. Kafin ya rufe baki guɗar Gwaggo ta tashi daga bayana, ashe ita ma laɓe take. Tiren ya faɗi, kofuna suka gangara har gaban Baba. Ya dubi kofunan, ya dubi ƙofa, ya ce ruwan nan da ake kawo masa tun wancan sati har yau bai iso ba.

Na raka Abdulhakim dakali ina jin ƙafafuna ba sa taɓa ƙasa. Sai na lura yana gyara bik. Na ce mene ne kuma, wane ne ya mutu yanzu?

Ya ce a ambulan ɗin akwai takarda ta biyu. Wai da zai aika dosiye ya haɗa da shafina na Hausa, kuma a rapor ya rubuta sunana a matsayin wadda suka gabatar tare, don gaskiya ce. Madam ɗin ta nuna wa masu shirya formasiyo shafin da hoton. Yanzu suna gayyatar Madmazel Zinariya Hashimu ta zo Maradi ta nuna wa masu farmasi arba'in yadda ake yi wa mutum bayanin magani da Hausar da zai gane. Za su aiko da mota, kuma tana iya zuwa da wata babba daga gida.

Ni. CM2. Masu bulus arba'in a zaune da bik suna rubuta abin da na ce.

Na tambaye shi yaushe. Ya kalli takalminsa. Asabar ta sama, ba wannan ba, mai bi mata.

Na ce ya ba ni takardar in karanta da idona. Ya laluba aljihun bulus, ya laluba jaka, ya zazzage ambulan. Muka dubi juna. A kan tabarmar zaure ya bar ta.

Ban kai ga tashi ba na ji muryar Baba daga ciki, a natse, irin wadda yake yi wa direba in ya ga lamba ba ta yi daidai ba.

"Zinariya. Taho ki karanta mini wagga. Ga sunanki na gani, ga kuma rana."

Na gyara ɗankwali. Duk gidan nan ni kaɗai ke karanta Faransanci, kuma ban taɓa yi wa Baba ƙarya a kan takarda ba.